Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ƙasa Na Jihar Kano: A Riƙa Wallafa Hukuncin Da Ake Yankewa A Kan Filaye

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ƙasa da Tsare-tsare na Jihar Kano, tare da shugabannin hukumar tsara birane ta jiha (KNUPDA) da hukumar adana bayanai da taswirar filaye (KANGIS).

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon wannan amana mai nauyi. Ranka ya daɗe, ni dillalin filaye da gidaje ne a cikin Kano da kewayenta. Ba da yawun wata ƙungiya na rubuto ba, amma abin da zan faɗa shi ne abin da muke tattaunawa kullum a rumfunanmu: mu ƙananan dillalai, da masu gina gida biyu ko uku su sayar, da masu ƙiyasta darajar kadara, da lauyoyin da ke rubuta mana takardun ciniki. Fiye da kowa kuma, ina magana ne a madadin mutanen da ke ɗauko guminsu na shekaru su damƙa a hannunmu, su ce mu nemo musu inda za su kafa iyali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aikin sabunta takardun shaidar mallaka da gwamnati ta ɓullo da shi a ƙarshen shekarar 2024. An ce duk mai takarda ya kawo ta a shigar da ita kwamfuta, an sa wa'adi, jama'a kuma sun amsa kira. Mu ma mun raka mutanenmu, mun taya su haɗa takardu, domin mun yarda aikin yana da kyau. Duk abin da zai rage takardun bogi da sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, mu ne farkon masu cin moriyarsa. Sai dai yanzu gwamnati ta san abin da ke hannun kowa, amma har yau talaka bai san abin da gwamnati ta yanke a kan filin da ke hannunsa ba. Wannan rabin aikin da ya rage shi ne roƙona.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa a birni ba ƙasar fili ce ke sa masa kuɗi ba. Fuloti mai ƙafa hamsin da hamsin a Rijiyar Zaki da irinsa a ƙauyen Gezawa, jar ƙasa ce iri ɗaya. Abin da ya raba farashinsu shi ne hukuncin da aka yanke a ofis: inda titi zai bi, inda aka yarda a yi kasuwa, inda aka hana bene, inda aka ware wa makaranta, inda za a karɓe don amfanin jama'a. Kowa ya ga yadda filayen Zawaciki a Kumbotso suka tashi da zancen tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023. Kowa ya ga yadda Dangwauro ta canza da aka kafa sabuwar kasuwa a kan titin Zariya, balle da aka matsa wa masu sayar da magani na Sabon Gari su koma can a 2024. Haka titin kewaye na gabas ya yi wa Hotoro da Mariri, haka layin dogon Kano zuwa Maraɗi yake yi wa ƙauyukan da ya ratsa. Sa hannu ɗaya na iya ninka kuɗin gona sau da yawa, sa hannu ɗaya kuma na iya mayar da gidan mutum tarin ƙasa. Saboda haka, a wurinmu labarin abin da aka yanke a ma'aikatarku jari ne, kamar yadda farashin dala yake jari ga ɗan kasuwar Kantin Kwari.

To ta yaya muke samun wannan labari a yau? Bari in nuna maka yadda nake yi. Ina da wani babban littafi mai bangon kwali da na ja wa layuka: rana, unguwa, abin da na ji, wanda ya faɗa mini, sai layi na ƙarshe inda nake rubuta ko ya tabbata ko bai tabbata ba. In na ji sanarwa a rediyo na rubuta. In na ga jan fenti, irin na alamar rusau, a jikin katanga na tsaya na tambayi maƙwabta na rubuta. In yarona ya ga safiyo sun kafa na'urarsu mai ƙafa uku a gonar wani, ya kira ni na rubuta. Sauran kuwa daga bakin masu unguwanni ne, da magina, da direbobin tifa, waɗanda sukan riga kowa sanin inda aka fara zuba yashi. Yawancin abokan sana'ata suna da irin nasu, wani a littafi, wani a waya, wani a ka. Layin nan na ƙarshe, na tabbaci, shi ne ya fi kowanne zama fayau, domin babu inda mutum zai je ya duba. Birni mai girman Kano, cibiyar kasuwancin Arewa, harkar kadarorinta ta dogara da ji-ta-ji-ta. Wannan bai dace da ita ba.

Kukanmu na farko, kuma mafi zafi, shi ne labari yana isa kunnen wasu kafin wasu. Duk hukuncin da aka yanke, akwai waɗanda suka zauna aka yanke shi, akwai waɗanda suka buga takardar, akwai waɗanda suka ɗauki fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Ban zargi kowa da suna ba, kuma na san akwai ma'aikata masu tsoron Allah da yawa. Amma muddin babu ranar da aka tsayar ta sanar da kowa lokaci ɗaya, labarin zai tsiyaya, kuma wurin mai kuɗi zai tsiyaya. Na taɓa ganin wannan da idona a wani ƙauye da ke gefen birni. Wasu baƙi suka riƙa zuwa da yamma a mota mai baƙin gilashi, suna taya gonaki da farashin da ya ɗan ɗara na kasuwa. Wani dattijo da na sani, mai 'ya'ya mata biyu da aka sa wa ranar aure, ya sallama gonar gadonsa yana ta godiya, har da yi wa mai sayen addu'a. Damina ba ta zagayo ba sai ga motocin aikin titi. Gonar da ya sayar ta koma bakin kwalta, aka yanka ta fuloti-fuloti, kuɗin guda ɗaya ya fi abin da aka ba shi a kan gonar gaba ɗaya. Da na je gaishe shi bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, da ya sani da rabi ya sayar. A shari'a cinikin ya ƙullu, amma ni da kai mun san an ci da jahilcinsa, kuma jahilcin ba laifinsa ba ne, domin labarin da aka ɓoye masa na gwamnatinsa ne.

Na biyu shi ne canza manufar fili ba tare da sanin maƙwabta ba. Dubi abin da ya faru da titin Gidan Zoo, da Nasarawa GRA, da manyan titunan Tarauni. Gidajen zama sun koma filaza, da gidajen mai, da wuraren biki, da makarantun kuɗi. Ban ce kada gari ya canza ba. Gari mai rai dole ya canza, mu ma da wannan canjin muke ci. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda ake wayar gari a ga an rushe gidan maƙwabci ana haƙa ramin tankin mai, ba wanda ya san ko an nemi izini, ko an bayar, ko da wane sharaɗi. Mai gidan da ke jikinsa ya shiga uku ta fuska biyu. In ya zauna, ga ƙarar janareta, ga motoci sun toshe masa ƙofa, ga bene ya leƙo tsakar gidansa inda iyalinsa ke sha'aninsu, abin da kowane Bahaushe ya san nauyinsa. In ya ce zai sayar, bai san da wane farashi zai sayar ba, domin bai san ko layin nasu an mayar da shi na kasuwanci a hukumance ba, ko kuwa mutum ɗaya aka yi wa alfarma. Tsakanin waɗannan biyun akwai miliyoyin naira. Ni dillali in an tambaye ni, sai dai in yi kirdado.

Na uku, filayen jama'a. A nan ina roƙon a fahimce ni da kyau, domin ba siyasa na zo yi ba, masu ba ni ciniki suna ko'ina. A zamanin gwamnatin da ta sauka a 2023 an yanka filaye a jikin makarantu, da masallatai, da badala, da Filin Idi, an ba mutane takardu masu hatimi. Mutane suka saya a hannu na biyu da na uku, suka gina shaguna, wasu da bashin banki. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta fara rusau: ginin Filin Sukuwa, da Otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, da wasu wuraren. Gaskiya ne cewa tun kafin rantsuwa an fitar da gargaɗi ga masu gini a irin waɗannan wurare, amma da yawa sun riga sun zuba kuɗinsu tun kafin nan. A watan Satumban 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke wa gwamnati diyyar naira biliyan 30 ga masu shagunan Filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ka duba wannan lissafi, ranka ya daɗe. 'Yan kasuwa sun yi asara, baitulmalin jiha ya yi asara, amincin takardar gwamnatin Kano ya yi asara. Da a ce tun ranar da aka fara tunanin yanka Filin Idi doka ta tilasta a wallafa, a ba jama'a lokaci su yi magana, da ko dai surutun mutane ya hana, ko kuma duk wanda ya saya ya saya da idonsa a buɗe. Rabon da aka yi a ɓoye shi ya haifi rusau, kuma in ba a gyara hanyar ba, babu abin da zai hana a maimaita duk lokacin da mulki ya canza hannu.

Har yanzu muna ɗanɗana kuɗar wannan. Mutanenmu da ke Saudiyya da Legas da Turai, waɗanda a da sukan turo kuɗi su ce a saya musu, yanzu tambayarsu ta farko ita ce, "Wace gwamnati ce ta bayar?" Takardar da ya kamata ta zama ƙarshen magana ta koma farkon bincike.

Na huɗu shi ne awon igiya, kuma a nan zan ɗan daɗe. Duk wanda ya san Kano ya san yawancin unguwannin talakawa da ke Kumbotso da Ungogo da gefen Gwale da Dala ba awon gwamnati ba ne. Mai gona ya kira mai awo, a ja igiya, a bar lungu ƙafa goma ko ƙasa da haka, a rubuta takarda, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu hanyar ruwa. An sha sanar da cewa an hana, kuma a ƙa'ida hanin daidai ne. Amma mutum mai albashin da bai kai ya sayi fulotin gwamnati ba, ina zai je? Zai saya, kuma yana saya. Abin da ya fi buƙata a wannan hali shi ne ya san abu ɗaya: wannan gonar da ake yankawa, tana cikin wurin da gwamnati ta riga ta karɓa ko ta ware wa wata hukuma, ko kuwa ba ta ciki? Akwai filayen da aka karɓa shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, aka biya diyya ko ba a gama biya ba, aka bar su ba shinge ba allo. Waɗanda aka yi abin a gabansu sun rasu. Jikoki sun tashi sun ga gona, sun sayar, an gina, an haifi 'ya'ya a ciki. Rana ɗaya sai ga jan fenti. Abin da ya faru a Rimin Zakara a watan Fabrairun 2025, inda rikicin fili tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero ya kai ga rusau har aka rasa rayuka, ya isa ya hana duk mai hannu a harkar ƙasa barci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Iyakar da aka zana a takarda aka kulle a durowa ba ta hana kowa gini. Wadda aka kafa wa allo, aka liƙa taswirarta a ƙofar gidan dagaci, ita ce ke hanawa.

Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta taɓa zuwa wurina da takardar wani fili da ta saya da kason gadonta, tana so in sayar mata ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta. Takardar a naɗe take cikin leda, a cikin wata ledar, ta ciro ta daga ƙasan jaka da hannu biyu. Da muka je wurin, maƙwabta suka nuna mana wani dutsen awo da ciyawa ta rufe a tsakiyar filin, suka ce ai nan hanya ce a taswira, kowa a layin ya sani, shi ya sa aka daɗe ba a gina ba. Wanda ya sayar mata ya sani. Ita ce kaɗai ba ta sani ba, kuma babu wata taga da za ta je ta biya ɗan abin da za ta iya a duba mata kafin ta ba da kuɗinta. Na san a cikinmu dillalai akwai marasa amana, ba na kare su. Amma duhu ne ke ba su mafaka, kuma makunnin fitilar yana hannunku.

Na biyar gajere ne domin kowa ya gani. Kududdufan da kakanninmu suka bari suna shanye ruwan sama an cike su an sayar, an yi gini a kan magudanai. Ambaliyar Kantin Kwari ta watan Agustan 2022 ta lalata dukiya mai ɗimbin yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu sun nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Mai sayen fili da rani ba ya ganin ruwa. Taswirar magudanai da wuraren da ruwa ke kwanciya ce kawai za ta gaya masa.

Akwai kuma matsalar binciken fayil kansa. In mutum ya nemi a bincika masa fili, abin da yake samu shi ne sunan mai shi, da ko akwai bashin banki a kai, da ko ana bin kuɗin ƙasa. Wannan yana da amfani, amma tarihin fili ne kawai. Mai saye yana so ya san gobensa: me aka yarda a gina a nan, hawa nawa, ƙafa nawa za a bari daga titi, akwai shirin faɗaɗa hanya ko babu, an ba maƙwabci izinin wani abu ko ba a ba shi ba. Rabin amsar tana ma'aikata, rabi tana KNUPDA, wani ɓangaren yana ma'aikatar ayyuka, wani yana ƙaramar hukuma. Banki ma da zai karɓi gida jingina, wannan rashin tabbas ne ke sa ya karya darajarsa, ɗan kasuwa ya samu rancen da bai kai abin da kadararsa ta cancanta ba.

Ranka ya daɗe, abin da nake nema ba alfarma ba ce daga waje da doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashenta na farko, ta damƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna ne a matsayin amana, don amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Wanda aka ba riƙon amana kuwa yana bayani ga masu ita. Dokar ta ce ayyana wani yanki a matsayin birni sai an buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Sashe na 28 ya ba da ikon soke mallaka don amfanin jama'a, amma ya ce sai an ba mai fili sanarwa, sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar cewa tsara birane hurumin jihohi ne, wato babu wanda za ku jira daga Abuja. Ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta ce a 2025 ta hau kan jihohi ma. Sai dai bai kamata a ce sai bazawara ta ɗauki lauya ta rubuta takarda kafin ta san ko titi zai bi ta ɗakinta ba.

Ba kuma sabon abu ba ne a duniya. A Ingila duk wanda ya nemi izinin gini ko canza manufar wuri, ƙaramar hukuma tana shigar da buƙatarsa a rajistar da kowa zai iya dubawa, a sanar da maƙwabta ko a liƙa takarda a wurin, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. A Legas mai sayen fili a gefen gari ya saba tambayar lambar gazet ɗin da gwamnati ta sanar a ciki cewa ta sakar wa mutanen wurin yankin, kafin ya biya. Kano da ta yi wa kanta babban tsarin shekara ashirin tun 1963, lokacin da garuruwa da yawa ba su san da zancen ba, ba ta rasa masana ko tarihin yin wannan ba.

Ga abin da muke roƙo.

A buɗe rajista guda ɗaya ta hukunce-hukuncen ƙasa, a intanet da kuma a takarda. Duk sabon awon da aka amince da shi, duk canjin manufa, duk soke mallaka, duk filin da aka karɓa don aikin gwamnati, duk izinin babban gini kamar gidan mai ko filaza ko wurin biki, a shigar da shi da ranarsa, da lambar fayil, da unguwa, da ɗan zanen wurin. Ba mu nemi lambar wayar kowa ko sirrin gidansa ba. Hukuncin muke so mu gani. A riƙa sabunta ta a rana tsayayya kowane wata, kuma kada a goge tsohon shigarwa in an canza shawara, a rubuta sabon a ƙarƙashinsa, domin mai bincike ya ga yadda abin ya taho.

A riƙa sanarwa kafin a yanke, ba bayan an yanke ba. Wanda ya nemi mayar da gida wurin kasuwanci, a kafa allo a ƙofar wurin da Hausa da Turanci, a kai kwafi ga mai unguwa, a ba maƙwabta makonni su kawo ƙorafi a rubuce, a kuma amsa musu a rubuce. Filin makaranta, da asibiti, da maƙabarta, da masallacin Idi, da badala, da kududdufi kuwa, a kai ƙudiri Majalisar Dokoki ta jiha a mayar da shi doka cewa ba za a taɓa ko taku ɗaya ba sai an wallafa an saurari jama'a. Umarnin ofis yana tafiya da wanda ya ba da shi, doka ce ke zama.

A fito da taswirar da ake aiki da ita yau. A nuna inda yake na zama, da na kasuwanci, da na masana'antu irin Sharaɗa da Bompai da Challawa, da hanyoyin da aka tsara ko da ba a fara su ba, da magudanai, da dukkan filayen da gwamnati ta taɓa karɓa ko ta ba wata hukuma. A liƙa ta kowace shiyya a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi. Waɗanda aka karɓa aka bari, a je a kafa musu alluna.

Na san abin da za a ce a nan: in aka nuna inda titi zai bi, mutane za su ruga su yi gini don su ci diyya, 'yan kasuwa kuma su saye gefen hanya. Amsata ita ce, ana yin hakan yanzu ma, sai dai 'yan kaɗan ne ke yi. Maganinsa shi ne ranar da aka wallafa ta zama iyaka: a ɗauki hoton wurin daga sama a ranar, a sanar cewa duk ginin da aka ɗora bayanta babu diyya. KANGIS tana da kayan aikin da za ta yi wannan. Tashin farashin gefen hanya kuwa, in dai zai tashi, gara ya tashi a hannun manomin da ya gaji gonar.

A samar da bincike mai sauƙi, mai farashi ɗaya da aka rubuta a bango, wanda za a biya ta banki a karɓi rasit. Mutum ya kawo lambar fuloti, ko ya tsaya a kan filin ya turo alamar wurin daga wayarsa, a ba shi amsa a rubuce cikin kwanakin da aka ƙayyade: manufar wurin, da ko yana cikin awon da aka amince da shi, da ko akwai wani shiri a kansa. Wannan ya haɗa da filayen awon igiya. Gaya wa mutum cewa filin da zai saya yana kan hanya ba halatta awon igiya ba ne, ceton dukiyarsa ne, kuma ragin aikin rusau ne a gare ku. Kuɗin da jiha za ta samu daga wannan binciken kaɗai zai riƙe ofishin da ke yin sa, domin babu dillalin kirki da zai ƙulla ciniki ba tare da shi ba.

A yi amfani da rediyo. Mutanen Kano masu sauraro ne, kuma da yawa daga masu gonakin da birni ke cinyewa ba sa karanta boko. Kwata ɗaya na awa a mako, a karanto sababbin hukunce-hukunce unguwa-unguwa da Hausa, zai kai inda intanet ba ta kai ba.

A ƙarshe, a sa ranar zama da mu. A kira dillalai, da masu safiyo, da masu tsara birane, da lauyoyi, da wakilan masu unguwanni, a ji yadda rajistar za ta yi amfani ga wanda zai duba ta a zahiri. In an ga aikin ya yi yawa a ɗauke shi lokaci ɗaya a ƙananan hukumomi 44, a fara da takwas na cikin birni: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. A cikinsu ma a fara da Kumbotso da Ungogo, inda ake yanka gonaki kowace safiya, kuma a fitar da taswirar magudanai kafin damina mai zuwa.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, Ya zaunar da Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani dillalin filaye da gidaje, Kano.